Saƙon Hajiya Larai

Kada kowa ya sake tambayata me ya kai ni, na gaji da amsawa. Shekara huɗu na yi a wani care home a Edmonton, wata unguwa a London, ina juya tsofaffi a gado, ina wanke su, ina shan zaginsu. Ranar da na ji bakina ya fara ƙaiƙayin ramawa na san lokaci ya yi. Rifkatu, 'yar Jos da muke shift ɗaya, ita ta nuna mini hotunan 'yan matan Turawa, kowacce da ƙatuwar jaka a baya kamar mai goyon tagwaye, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan wata da watanni. Wai backpacking. Na ce su ƙafa huɗu gare su? Muka yi booking zuwa Bangkok.

Kafin in hau hanya sai na gaya muku abu ɗaya game da gidanmu, in ba haka ba za ku ɗauke ni wawuya, ni kuwa ba wawuya ba ce. Tun da Umma ta kawo ni London ina 'yar shekara sha huɗu ban taɓa ganin corridor ɗin flat ɗinmu a fili ba. Kullum cike yake da saƙo. Umma tana zuwa Kano sau biyu a shekara, kuma kowa ya sani, daga Edmonton har Old Kent Road. Wannan ta kawo maganin ciwon gwiwa a kai wa uwarta, waccan ta kawo takalman makaranta, wani ya kawo waya a nannaɗe cikin safa. In za ta dawo kuma kilishi, yaji, kuka, daddawa, kowane ƙulli da sunan mai shi a jiki. Ba ta taɓa ce wa kowa a'a ba. Abin da na tashi ina ji shi ne saƙo amana ne, ba a ƙin sa, ba a buɗe shi. Na taɓa matsa wani ƙulli don in ji ko cakulan ne, Umma ta make mini hannu sai da ya yi shati. A filin jirgi kuwa, in matar da ke awon kaya ta tambaya ko wani ya ba mu wani abu mu riƙe masa, Umma takan dube ta ido cikin ido ta ce "No," alhali rabin akwatinta kayan mutane ne. Mu a wurinmu wannan ba ƙarya ba ce, zumunci ne.

Bangkok ta tare mu da zafi mai danshi, irin wanda mutum zai yi wanka ya fito ya rasa ko ya goge jiki ko bai goge ba. A ɗakin haɗaka mai gado takwas ina zazzage jaka na tarar da abin da ba ni na saka ba a aljihun gefe: fakitin reza da ƙaton salatif ruwan ƙasa, irin wanda ba ya yankewa a durowar kicin ɗinmu.

Rifkatu ta ce, "Mamanki ta ɗauka wanzanci kika zo yi?"

Na ce Umma ce, ba ta iya ganin aljihu a buɗe ba ta cusa masa abu ba. Na mayar na manta da su.

Daga arewacin Thailand muka tsallaka Laos, muka shiga jirgin ruwa na katako, kwana biyu a kan kogin Mekong. A hoto abin sha'awa ne. A ido kuwa ruwa ne ja mai kauri, ba ya ƙara, yana tafe da itatuwa sukutum, gefe da gefe daji ya rufe ko hayaƙin gida ba a gani. Rana ta biyu muka wuce wata ɓauna ta kumbura, ƙafafu sama, tana juyawa a hankali. Turawa suka yi ta ɗaukar hoto. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, haƙoranta baƙi ƙirin, ta lura ban ci komai ba tun safe, don duk abin da ake sayarwa a jirgin da alade a ciki. Ta buɗe ɗan kwandonta ta gutsuro shinkafa mai danƙo, ta dunƙula ta sa mini a tafin hannu. Kamar tuwo ba miya. Na ci ina kallon ruwa don kada ta ga idona.

A Vietnam na koyi zama abin kallo. A London ma ana kallon mutum, amma a sace. Can kuwa mace za ta zo ta shafa hannunki ta duba yatsanta ko ya yi baƙi. Wani mai tasi ya zagaya da mu unguwa ɗaya sau uku yana murmushi, sai da na gane wani shagon mai jan ƙofa na daka masa tsawa da Hausa ya tsaya. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini shi ne boda. Mota cike da Turawa, mu biyu kaɗai aka ware. Jami'in ya juya fasfona na Ingila, ya dube ni, ya sake juyawa, ya ɗora yatsa a inda aka rubuta Kano. Aka zazzage jakata a kan tebur har ɗan kamfai, aka kawo kare ya shinshina. Ba su sami komai ba, ba kuma wanda ya ce mu yi haƙuri. Rifkatu tana mayar da kayanta ta ce, "Zuwaira, ƙasashen nan ba a wasa da su. A nan in an kama mutum da ƙwaya ba lauya ake nema masa ba, likkafani ake nema."

Na ce, "To mu da ko sigari ba ma sha, ina ruwanmu?"

Hutun Rifkatu ya ƙare a wata na biyu. A tashar mota ta riƙe igiyar jakata ta ce mu koma tare, ta ce jikinta ba ya ba ta daidai. Na ce na gaya wa mutane wata shida, wata shida zan yi, ba zan koma Edmonton a ce ai dama an faɗa ba. Ta ce, "Taurin kanki sai Allah." Ta hau motarta, ni na hau ta Cambodia.

A Cambodia sauro ya same ni. Ba irin zazzaɓin da na sani a Kano ba ne. Wannan ƙashi yake ci, sai mutum ya ji kamar ana karya shi gaɓa gaɓa, bayan idonsa kuma kamar an soka tsinke. A wani ƙaramin asibiti suka ce dengue ne, in sha ruwa in kwanta. Na kwanta a gadon sama a ɗakin haɗaka, baƙi suna shigowa suna fita, kowa ya leƙo ya ce "you okay?" ya wuce kafin in amsa. Kwana biyar ban ji wani ya kira sunana ba. Ran na shida na kira Umma, da ta ga fuskata a waya ta yi salati.

"Ki dawo gida."

"Umma ba zan iya zaman jirgi awa goma sha ba a haka."

"To wa ke kula da ke?"

Na ce ba kowa. Ta kashe wayar. Bayan awa ɗaya ta sake kira. Ta ce ƙawarta Anti Binta ta Old Kent Road ta san wata Bahaushiya a Bangkok, Hajiya Larai, tana dafa wa 'yan kasuwarmu abinci, an yi mata magana tana jirana.

Ban san yadda na yi tafiyar motar nan ba. Abin da na tuna shi ne wani lungu a Bangkok mai shagunan atamfa da kwalaye an tara su har sama, da matakala mai duhu, da murya daga sama tana cewa, "Lale lale da 'yata, sannu, sannu, kawo jakar." Wata uku rabona da jin lale.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ba a taɓa yi mini jinya irin wadda Hajiya Larai ta yi mini ba. Mace ce gajera mai jiki, da haƙorin Makka, hannunta kullum da ƙanshin albasa. Ta dama mini kunun tsamiya. Ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka ta zauna a kaina sai na cinye. Ta shafa mini man zafi a ƙafa, ta tsefe mini kai ta yi mini kitso shuku. In na ce a bari haka ta ce, "Yi mini shiru, da uwarki ce a nan za ki hana ta?" Kwana tara na yi a gidanta, ta ƙi karɓar ko sisi, har ta yi fushi da na yi maganar.

Yanzu in na zauna ina lissafa abubuwan da na gani na kau da kai, sai in ji haushin kaina. Akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda kullum a kulle, warin gam yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar. Ta ce masu gyaran jaka ne suke haya. Akwai wani mutum mai baƙar hular sanyi, a zafin Bangkok, da ke zuwa da rana ya zauna a kujerar ƙofa, ba ya cin abinci, ba ya amsa gaisuwa, sai latsa waya. Ranar da na fara jin ƙarfi ta ce in nuna mata fasfona, wai ba ta taɓa riƙe na Ingila ba. Ta shafa bangonsa ta ce, "Masha Allah. Mai wannan ai ba a tsayar da shi." Na ba ta labarin karen Vietnam, ta yi dariya ta ce ai waɗancan ƙauyawa ne. Ta kuma karɓi adireshinmu na Edmonton, har lambar flat, wai za ta aika wa Umma turaren wuta.

Da na ce mata zan ci gaba, Malaysia zan nufa, ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Ashe ke Allah ya aiko mini. Ɗiyata Fa'iza tana karatu a Penang, aurenta saura wata ɗaya. Ɗan saƙo ne, takalman amarya, ba nauyi."

Me zan ce? Ku gaya mini. Matar da ta wanke mini amai? Na ce, "Ba komai Hajiya, Allah ya sanya alheri." Bakina ne ya faɗa, ban ma yi tunani ba, kamar yadda ake amsa sallama.

Ta fito da kwali an naɗe shi da salatif ta ko'ina, an rubuta FA'IZA da jan biro. Ita da kanta ta zazzage jakata ta sa shi a can ƙasa ta mayar da kayana a kai. Ita ta sayi tikiti, ta ce jirgin ƙasa ya fi, a jirgin sama ana wahalar da mutane da awon kaya. Ta ɗauke ni hoto da jakar a baya don Fa'iza ta gane ni. Na ce a ba ni lambar Fa'iza, ta ce ita za ta kira ni. A ƙofa ta rungume ni ta yi mini addu'a mai tsawo. Mai baƙar hula ya ɗaga kai ya dube ni, karo na farko ke nan.

Gari ya waye mana a cikin jirgin ƙasa a kudancin Thailand, gonakin roba layi layi, kowace bishiya an tsaga mata jiki an rataya mata ɗan kofi tana zubar da farin ruwa. Na sauka a Hat Yai, gari na ƙarshe babba kafin boda. Daga nan sai in jira ƙaramin jirgin da zai kai ni bakin iyaka da rana, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Da na saɓa jakar a dandamali na ji ta ja ni baya. Wata uku ina ɗauke da jakar nan, na san nauyinta kamar yadda na san nauyin jikina. Na ce wa kaina ciwo ne ya rage mini ƙarfi.

Wayata ta yi ƙara. Hajiya. "'Yata kin isa ina?" Na gaya mata. Bayan minti ashirin ta sake kira. Bayan wasu ashirin ta sake. Sai ga wata lamba da ban sani ba, muryar namiji, Turanci a karye: "Sister, you reach? Which train?" Na ce ina Fa'iza? Ya ce tana makaranta, shi zai tare ni. Na ce shi wane ne? Ya kashe.

Na zauna a benci. A bangon da ke gabana akwai wata takarda da rana ta cinye kalarta, rubutu da yarensu da Turanci, gargaɗi ga masu tsallaka iyaka, a ƙasa an zana igiya mai zarge. Na karanta ta sau uku. Maganar Rifkatu ta dawo mini, ta likkafani. Amma wallahi ko a lokacin abin da ya fi damuna shi ne kunya. In na buɗe na tarar takalma ne kawai fa? In Fa'iza ta ga an taɓa salatif ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya wa Anti Binta, kafin Juma'a duk Old Kent Road an ji 'yar Hajiya Amina ta yi wa saƙon amarya binciken ɓarawo, bayan an yi jinyarta kwana tara? Da wane ido Umma za ta shiga taron suna?

Ƙarfe ɗaya na rana a can, London gari ya waye ke nan. Saura awa ɗaya jirgi ya tashi. Na kira Umma don ta ce mini in daina shirme in kai wa mutane kayansu. Abin da nake so in ji ke nan.

Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba. Sannan ta ce, "Kin buɗe?"

"Umma saƙo ne fa."

"Na ji saƙo ne. Na ce kin buɗe?"

"Ke kika ce ba a buɗewa. Har dukana kika yi."

"Na doke ki don kin taɓa a gaban mai shi, tana zaune a falo tana shan shayi. Ke Zuwaira, shekara goma kina gidan nan, kina zaton salatif ɗin da ke durowar kicin na mene ne? Miya nake yi da shi?"

Ta ci gaba ba ta jira ni ba.

"Babu ƙullin da ya taɓa shiga akwatina ban ga cikinsa ba. Ko na limamin masallaci ne. In kin tafi makaranta nake yi, in mayar in liƙe yadda yake. Kakarki haka take yi tun ana zuwa Makka da saƙon goro. Ba a faɗa ne kawai. Na sa miki reza a aljihun hagu, kina da ita ko kin yar?"

"Tana nan."

"Nemi inda za ki kulle ƙofa. Kada ki kashe wayar."

Na shiga banɗakin tasha, na ƙarshe a layi, na sa sakata. Ƙasa a jiƙe, na rataya jakar a ƙusa na tono kwalin. Na jingina wayar a kan tankin ruwa yadda Umma za ta gani. Ta ce in bi ta ƙasan kwalin, a bakin haɗin, a hankali. Garin haka na yanke yatsa, ban ma ji ba sai da na ga jini a kwalin.

Takalma ne. Ƙafa shida, masu tudu, masu duwatsu masu ƙyalli, kowanne a ledarsa. Na saki numfashi har na fara dariya. "Umma takalma ne wallahi. Kin ga abin da kika sa ni."

"Juya su. Karanta mini lambobin."

"Talatin da takwas. Arba'in da ɗaya. Talatin da bakwai. Arba'in."

"Amarya ɗaya ƙafa nawa gare ta?"

Na daina dariya.

"Ɗaga ɗaya a hannunki. Ya yi nauyin takalmi?"

Bai yi ba. Ya fi kama da nauyin dutsen guga. Na kai shi hanci, warin gam ne sabo, wanda na kwana tara ina shaƙa daga ƙarƙashin ƙofar nan. Umma ta ce in bi gefen tudun da reza. Ya buɗe ba wuya, kamar biredi. A ciki an ƙwaƙule tudun, an cusa wani abu a baƙar leda an matse shi tam. Na ɗan tsaga gefe. Fari ne, ƙanana kamar gishirin kanti mai ƙyalli.

A banɗakin kusa wata mata tana wanke wa ɗanta hannu tana yi masa waƙa. Na ji ƙarar jirgi yana shigowa. Ni dai na tsaya da takalmi a hannu ɗaya, reza a ɗaya, jini yana ɗiga a kan siket ɗina. Abin da ya zo mini a rai shi ne kitson da ke kaina, da hannun da ya yi shi.

Muryar Umma ta sauya, ta koma irin wadda take yi in tsoho ya faɗi a wurin aikinsu. "Ki saurare ni. Ba kuka yanzu. Mayar da komai cikin kwalin, goge shi da ɗankwalinki, sa shi a leda. Ba za ki hau jirgin nan ba, suna da hotonki a can gefen. Ba za ki koma Bangkok ba. Ki rabu da shi nesa da tashar, ki cire layin wayar ki karya, ki nemi filin jirgin da ba su sa ran ganinki ba. Kada ki gaya wa kowa, ko Binta, sai kin taka ƙasar nan."

"In kai wa 'yan sanda?"

"Da wane yare za ki yi musu bayani? Da baƙar fatarki da kwalin a hannunki? In kin dawo ma je tare a nan. Tafi."

Na fito da leda a hannu da jaka a baya na shiga gari tsakar rana. Ban taɓa sanin mutane suna da idanu da yawa haka ba. Wayar tana ta rawa a aljihuna, Hajiya, Hajiya, baƙuwar lamba, Hajiya. Na wuce wani ɗan sanda yana shan abu da tsinke a gindin inuwa, ya bi ni da kallo, na ji bayana ya jiƙe. Na bi ta cikin kasuwa na fita ta bayanta, inda ake zubar da ɓawon wani ɗan itace mai ƙaya da suke ci, mai wari kamar masai. Motar shara tana tsaye injinta yana aiki, ma'aikatan sun juya baya suna jan kwanduna. Na wurga ledar ciki ban tsaya ba. Na ji ƙarfen motar ya sauko ya matse. Ban waiwaya ba sai da na sha kwana uku.

Sai wajen la'asar na tuna da layin. Kafin in cire shi, saƙon murya ya shigo. Na saurara, ban san me ya sa ba. Muryar nan ce mai taushi ta lale lale. "'Yata, jirgi ya iso ba a gan ki ba. Hankalina ya tashi. Ki kira ni, kada ki sa in kira Edmonton in tayar wa mahaifiyarki hankali. Ai ina da adireshin." Na karya layin da haƙori.

Wata mata mai hijabi da ke sayar da soyayyar kaza a bakin tashar mota ta ga yatsana. Ba ta tambaye ni komai ba, dama ba mu da yaren tambaya. Ta wanke mini da ruwan gora ta ɗaure da tsumma mai tsabta, ta nuna mini motar Phuket. Awa bakwai na yi a motar nan ina kallon duk wanda ya shigo. Duk inda aka tsaya sai in ga kamar baƙar hula.

A filin jirgin Phuket matar da ke awon kaya ta yi mini tambayar da na saba ji tun ina yarinya, ko wani ya ba ni wani abu in riƙe masa. Na ce "No." Karo na farko a rayuwata da amsar ta zama gaskiya, kuma karo na farko da na ji tsoron faɗarta. Aka sa jakar a na'ura, kare ya zo ya tsaya a kanta ya daɗe. Kwalin ya kwana a ƙasanta, na sani. Na karanta duk abin da na haddace. Mai karen ya ja shi suka wuce.

Wata uku da kwana goma sha ɗaya na yi, ba shida ba. Duk mai son dariya ya yi.

Washegarin saukata muka je ofishin 'yan sanda ni da Umma. Suka rubuta, suka ba mu wata lamba a takarda, suka ce in wani ya zo ƙofa mu kira. Umma ta kira council, hukumar da ke da gidan, su zo su ƙara mana sakata. Muna dawowa muka tarar da Anti Binta a bakin lif, ta zo yi mini barka da sauka, da ƙatuwar jaka mai zif a gefenta, don Umma za ta Kano ƙarshen wata.

"Zuwaira 'yar yawon duniya! Kin rame. Ya Hajiya Larai? Ai na ce wa uwarki mutuniyar kirki ce."

Muka shiga, Umma ta kawo shayi, ta ce in faɗa. Na faɗa tun daga kunun tsamiya har motar shara. Anti Binta ta ajiye kofi ba ta sha ba.

Umma ta ce, "Binta, a ina kika san ta?"

"Ni fa sau ɗaya na gan ta. A jirgi, muna dawowa daga Kano, kujerarmu ɗaya. Ta ba ni dambun nama. Ta ce in yaranmu za su wajen can in ba su lambarta, ita uwa ce ga kowa."

"Yara nawa kika ba?"

Anti Binta ta fara lissafi da yatsu, ta tsaya a na uku. Ta ce ɗaya ta dawo tun bara. Ɗaya ni ce. Ta ukun, 'yar wata maƙwabciyarta da ta je saro kaya, uwarta ta ce kwana biyu wayarta ba ta shiga, amma ai can network ɗinsu sai a hankali. Ta faɗi hakan tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

Umma ta miƙa mata waya ta ce ta kira uwar yarinyar yanzu, ta ce su same mu a ofishin da muka baro. Sannan ta tashi ta shiga kicin, na ji ta ja durowa. Ta dawo ta jawo jakar Anti Binta tsakiyar kafet, ta zuge zif ɗin, ta ɗauko ƙulli na farko. A gaban mai shi, tana zaune a falo, shayinta yana hucewa.

"Amina, me kike yi haka? Saƙo ne fa."

Umma ba ta ɗaga kai ba. Ta miƙo mini rezar ta ce, "Ta ƙasa, a bakin haɗin."